Shekarar da Zomo Ya Yi Kwanci

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa da ƙaya a ƙafa."

"Ta zo mu ji ta, mu cire mata ƙayar."

To, ku matso. Mai tauna gyaɗa ya tauna a hankali.

Wani gari ne a gindin dutse, ana ce masa Rafin Ɗinya. Unguwa biyu, rijiya ɗaya. Unguwar tudu ta Maguzawa ce, masu bin abin da suka tarar kakanninsu na yi. Unguwar gangare ta masu bin Almasihu ce. Suna da majami'arsu ta jinka, da wata tsohuwar garma rataye a jikin maɗaci, wadda suke bugawa ran Lahadi. Jininsu ɗaya. Suna auren juna, suna gayyar noma tare, suna zaman makokin juna.

A garin akwai wata yarinya marainiya. Tun tana goye iyayenta suka rasu, suka bar ta da kakanni biyu. Iya Tarana, uwar uwarta, tana tudu. Malam Istifanus, uban ubanta, yana gangare. Marini ne, kuma shi ke karanta Littafi a majami'a. Iya na kiran yarinyar Marka, don ana tsakiyar ruwa aka haife ta. Malam na kiranta Marta, don haka aka rubuta a majami'a. Ita kuwa duk wanda aka kira sai ta amsa. Kwana uku tana tudu, kwana uku tana gangare. Duk inda za ta, tana rungume da 'yar kazarta wake-wake.

Kowace shekara, in bazara ta kama, zafi ya kai zafi, wata ya cika, kowace unguwa na da abin da take yi da ƙwai. Iya Tarana takan ɗauki ƙwai ɗaya ta binne a kusurwar gabas ta gandu, ta zuba ruwan gero, a koma gida a jira hadari. Mutanen gangare kuwa sukan yi azumin kwana arba'in, ba nama, ba ƙwai. Ran Lahadin Ista, bikin tashin Almasihu, da safe Malam Istifanus yakan ɗaga ƙwai a gaban jama'a, ya fasa, sannan a yi waƙa a ci abinci. Ƙwai ya yi yawa a garin, ba wanda ya taɓa tambayar ko na wane ne.

Sai wata shekara annobar kaji ta shigo. Ta bi tudu, ta share. Ta bi gangare, ta share. Ta bi ƙauyukan kewaye, ta share. Zakara bai sake cara ba. Kazar Marka ce ta yi saura. Ta yi ƙwai ɗaya a cikin tsohon kwando, ta kwantar da kai, ta mutu.

Ga kuma sama ta bushe. Ko gajimare ba a gani. Rijiya ta koma sai an yi kwana ana jiran guga ɗaya.

Iya Tarana ta ce, "Jikalle, kawo ƙwan nan. In ban binne shi ba, ƙasa ba za ta farka ba."

Malam Istifanus ya ce, "'Yar gidana, kawo ƙwan nan. Me zan ɗaga wa jama'a ran Ista?"

Mutanen tudu suka ce ƙwai nasu ne tun kaka da kakanni. Mutanen gangare suka ce a'a, alamar bangaskiyarsu ce. Magana ta yi tsami. Aka daina gaisawa a bakin rijiya. Tudu suka ce in ba a ba su ba za su tashi su bar garin. Gangare suka ce su ma haka.

Mai gari Jatau ya tara su. Ya ce, "Mako uku ya rage wata ya cika, bukukuwanku su zo. Ku je ku daidaita. Kafin nan ƙwai ya zauna wurin mai kaza, tun da ita kaɗai kuka yarda da ita."

Marka ta koma ta zauna da ƙwai a cikin ɗan ƙoƙo. Ta duba tudu, ta duba gangare. Duk wanda ta ba, ɗayan zai ɗaure kaya ya tafi. Ta ce a ranta, "In ƙwai ɗaya ne ya kawo faɗa, bari in nemo na biyu."

Da gari ya waye ta rufe ƙoƙon da tsumma, ta rataya ɗan goran ruwa, ta shiga daji.

Ta yi tafiya, ta yi tafiya, ta yi tafiya. Rana ta take. A gindin wata busasshiyar sabara ta tarar da Zomo kwance, haƙarƙarinsa duk a waje, harshe ya bushe.

Ta ce, "Sannu, Malam Zomo."

Ya ce, "Sannu ba ta jiƙa maƙogwaro. Me ke cikin goran?"

Ta tsiyaya masa a tafin hannu, ya sha. Ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Me ke cikin ƙoƙon?"

Ta ba shi labari tun daga farko. Ta ce tana neman zabi ko za su ba ta ƙwai ɗaya.

Zomo ya ce, "Kin sha rana a banza. Zabi ba sa ƙwai sai an yi ruwa. Ruwa kuwa ba zai zo ba. Kin san abin da ya sa?"

Ta ce ba ta sani ba.

Ya ce, "A ƙwanƙolin dutsen garinku akwai kogo. A cikin kogon akwai Uwar Bazara, tsohuwar aljana mai riƙe da tulun ruwan farko. Da an gama girbi take shiga, ta jawo dutse ta rufe ƙofa, ta yi barci. Ganga ba ta tashinta. Tsawa ba ta tashinta. Abu ɗaya ke tashinta, kukan ɗan tsako da ya fito daga ƙwai. Bana ba kaza, ba tsako. Tana can tana minshari."

Marka ta dubi ƙoƙonta.

Zomo ya ce, "Yauwa. Kakarki na so ta binne shi, kakanki na so ya fasa shi. Ni kuwa na ce a ƙyanƙyashe shi."

Ta ce, "Wa zai kwanta masa? Uwarsa ta mutu."

Ya ce, "Mu je mu tambaya. Amma ki sani ba don ke nake yi ba. Ciyawa nake so."

Suka je wurin Zabuwa. Marka ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙe ta. Zabuwa ta ce, "Ni? Nawa ma kaji ke kwanta mini. Ba ni da wannan haƙurin." Ta yi gaba tana ƙyarƙyara.

Suka je wurin Kurciya. Kurciya ta ce ta yarda. Ta hau ƙwai, ta baza fiffike, ta baza, ta baza, rabin ƙwai na waje. Ta sauka da kunya, ta ce, "Zuciya ta so, jiki bai kai ba."

Suka je wurin Shirwa. Tun ba su gama magana ba Shirwa ta ce, "Kawo, kawo. Zan kwanta masa, in ya fito ma ni zan raine shi." Yawu na zuba daga bakinta. Zomo ya taka ƙafar Marka, ya ce, "Mun gode, ranki ya daɗe. Za mu yi shawara."

Suka dawo gindin sabara. Marka ta zauna, hawaye na sauka. Zomo ya kewaya ta sau ɗaya. Ya kewaya ta sau biyu. A na uku ya tona ɗan rami marar zurfi, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ya tsige gashin cikinsa ya zuba a kai.

Ya ce, "Sa shi nan. Kwana nawa ne?"

Ta ce, "Ashirin da ɗaya."

Ya ce, "Da na sani ban tambaya ba." Ya hau ya kwanta.

Ku da kuka san zomo, kun san ba ya zama wuri ɗaya. In ganye ya motsa, ya zabura. In inuwa ta gifta, ya ruga. Gudu ne gadonsa. To, shi ne ya kwanta. Kullum da safe Marka takan zo da rabin ruwan shanta da ɗan ganyen zogale. Takan juya ƙwan a hankali, tana yi masa waƙa:

"Ɗan ɗaki ba ƙofa,
Ɗan ɗaki ba taga,
Na ciki, kada ka gaji,
Na waje bai gaji ba."

Zomo yakan ce, "Wa ya gaya miki na waje bai gaji ba?" Amma bai tashi ba.

A makon farko Zomo ya ga sawun Dila kusa da sabara. Ya ce wa Marka, "Gobe ki zo da lallen kakarki." Ta zo da shi kwaɓaɓɓe. Suka shafe ƙwai, suka naɗe da ganye, Zomo ya koma kai. Da aka kware, ƙwai ya yi jawur.

Da hantsi sai ga Dila, yana shinshina.

Ya ce, "Zomo, yau ba gudu? Me kake dannewa haka?"

Zomo ya ce, "Bari kawai. Wahala ce ta same ni. Sarkin maƙeran aljanu ya ba ni gadin garwashinsa." Ya ɗaga cinya kaɗan. Dila ya hango abu ja.

Dila ya ce, "In garwashi ne, yaya bai ƙone ka ba?"

Zomo ya ce, "Bai ƙone ni ba? Dubi wutsiyata. Ran da na fara gadin nan ta fi taka tsawo. Kai, tun da Allah ya kawo ka, zo ka karɓe ni in je in sha ruwa."

Dila ya waiga ya dubi wutsiyarsa mai gashi buzu-buzu. Ya dubi ɗan guntun da ke bayan Zomo. Ya ce, "Na tuna ana jirana." Ya tafi wutsiya a matse.

Marka ta juya ƙwai, ta yi waƙarta.

"Ɗan ɗaki ba ƙofa,
Ɗan ɗaki ba taga,
Na ciki, kada ka gaji,
Na waje bai gaji ba."

A mako na biyu Zomo ya ga jan cikin Guza a ƙasa. Guza kuwa shi ne ɓarawon ƙwai na dajin, launi ba ya ruɗinsa. Zomo ya ce wa Marka, "Gobe ki zo da baban rinin kakanki." Ta ɗebo a 'yar kasko. Suka ɗiɗɗiga wa ƙwai, ja ya haɗu da shuɗi, ya yi baƙi-baƙi mai sheƙi, da ɗigon ja nan da can.

Da azahar sai ga Guza, yana zaro harshe.

Ya ce, "Zomo, kada ka gaya mini garwashi ne. Dila wawa ne. Ni na san ƙanshin ƙwai."

Zomo ya ce, "Ƙwai ne mana. Wa ya ce ba ƙwai ba ne?" Ya ɗaga cinya. "Na Gamsheƙa ne. Ta je shan iska, ta ce in riƙe mata. Yanzu za ta dawo."

Guza ya tsaya.

Zomo ya ce, "Ta kuma ce duk wanda ya zo ya yi tambaya a kansa, in riƙe mata sunansa da inda yake kwana. Kai har yanzu a kogon kukar nan kake?"

Guza ya ce, "Ni ban yi tambaya ba. Wucewa nake yi. Ba ka gan ni ba."

Zomo ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Guza ya bar dajin ma gaba ɗaya.

Mako na uku ya shigo. Zomo ya rame, gashin cikinsa ya zube, ƙafafunsa sun sage. Wata rana gobarar daji ta wuce can nesa, hayaƙi ya rufe shi, duk dabbobi suka gudu ta gabansa. Ƙafarsa na cewa tashi. Ya lumshe ido, ya danne ƙwai har wutar ta juya.

Marka ma ta rame, don rabin ruwanta take sha. Iya Tarana ta lura. Ta kuma ga lallenta ya ragu. Malam Istifanus ya lura. Ya kuma ga hannun yarinya da shuɗin baba. Ran kwana ashirin, ranar Asabar, gobe Ista, gobe kuma ranar binne ƙwai, kowannensu ya bi sawunta, ba tare da ya san ɗayan na biye ba. Iya ta ɓullo ta hagun sabara. Malam ya ɓullo ta dama. Suka ga jikarsu durƙushe, ga zomo kwance a kan wani abu.

Zomo ya buɗe baki zai fara. Ya ce, "Wannan da kuke gani, wani dutse ne da..."

Iya Tarana ta ce, "Zomo, na girmi ƙaryarka. Ɗaga."

Ya ɗaga. Suka ga ƙwai ja da shuɗi.

Marka ta ce, "Iya, Baba Tsoho, ku yi mini duk abin da za ku yi. Amma ku bar shi kwana ɗaya." Ta gaya musu zancen kogo da tulu da kukan tsako.

Malam ya ce, "Ruwa na Allah ne, 'yar gidana."

Iya ta ce, "Wa ya ce ba nasa ba ne? Amma sarki ma yana da 'yan aike."

Zomo ya ce, "Ni dabba ne, ban san zancen manya ba. Tambaya gare ni. Iya, don me sai ƙwai kike binnewa? Me ya hana ki binne goriba?"

Iya Tarana ta zauna a kan tushen sabara. Ta ce, "Haka uwata ta yi, haka uwar uwata ta yi. Ta ce mini, dubi ƙwai, kamar dutse yake. Ba ya motsi, ba ya numfashi. Amma da rai a ciki. Haka ƙasa take da rani. Ka gan ta kamar ta mutu, ba ta mutu ba. Muna ba ta ƙwai don mu tuna mata abin da ke cikinta."

Zomo ya ce, "Malam, kai fa? Don me sai ƙwai kake fasawa?"

Malam Istifanus ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Ubangijinmu Yesu an sa shi a kabari, aka gangaro da babban dutse aka rufe. Kowa ya ce magana ta ƙare. A rana ta uku aka tarar an kawar da dutse, ya tashi. Yara ba sa riƙe dogon wa'azi. Sai in ɗaga ƙwai in ce, ga abu a rufe, ba ƙofa. In fasa, in ce, haka kabari ya buɗe."

Zomo ya karkaɗa kunnuwa. Ya ce, "Kunnuwana dogaye ne, ko sun ruɗe ni? Ke kin ce rufaffen abu ne mai rai a ciki. Kai ka ce rufaffen abu ne da mai rai ya fito. To, ga shi nan a ƙarƙashina, rufaffe, mai rai, gobe zai fito. Wanda zai binne shi a cikinku ya matso. Wanda zai fasa shi ya matso."

Ba wanda ya matso.

Can Malam ya ce, "Iya, ban taɓa tambayarki dalilinki ba."

Ta ce, "Ni ma ban taɓa tambayarka ba, Malam."

Zomo ya ce, "Saura aiki. Dole a kai shi bakin kogo kafin rana ta fito, kuma kada ya huce a hanya. Ni ƙafafuna sun mutu, ko tsayuwa ba na iyawa."

Iya ta ce ita za ta ɗauka. Ta miƙa hannu, hannun na rawa irin ta tsufa. Malam ya ce shi zai ɗauka. Amma idonsa ya yi rauni, ba ya ganin tsakuwa a hanya. To, ku kun san kunyar surukai. Shekara da shekaru mutanen nan biyu ko ido ba sa haɗawa, daga nesa suke gaisawa. Ran nan Iya ta tallabi ƙwai, Malam ya tallabi hannuwan Iya don kada su yi rawa, ita kuma ta zama idonsa. Marka ta goya Zomo da zanenta.

Da asuba suka fara hawa. Iya na cewa, "Ga dutse, ɗaga ƙafa." Malam na cewa, "Riƙe da kyau, na riƙe ki." Suka huta sau ɗaya. Suka huta sau biyu. A hutu na uku sai ga su a bakin kogo, ga dutsen ƙofa ya fi rumbu girma. Daga ciki ana jin minshari kamar niƙa.

Suka zauna da ƙwai a hannu huɗu. Gabas ta fara ja. Ƙwai shiru.

Iya ta shiga kiran sunayen iyayenta a hankali. Malam ya shiga addu'a. Zomo ya ce a sauke shi. Ya ja jiki, ya kafa kunne a jikin ƙwai. Ya daɗe. Ya ce, "Ban ji komai ba. Ko hayaƙin nan ne ya kashe shi?" Ya manta da zancen ciyawa.

Marka ta sunkuya, ta sa bakinta kusa, ta yi waƙar da murya ƙasa-ƙasa:

"Ɗan ɗaki ba ƙofa,
Ɗan ɗaki ba taga,
Na ciki, in ka shirya,
Na waje sun taru."

Sai aka ji ƙwas.

Aka sake jin ƙwas.

A na uku ɓawo ya tsage biyu. Ɗan tsako ya turo kai, jiƙe sharkaf, ya faɗo a tafin tsofaffin.

Ya ce tsiyau. Ƙasa ta zubo daga saman dutsen ƙofa.

Ya ce tsiyau. Minshari ya tsaya.

Ya ce tsiyau. Dutse ya gangara gefe, wata iska mai sanyi ta fito, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Uwar Bazara ta fito tana hamma. Doguwa ce, gashinta fari kamar gajimare, da tulu a kafaɗa. Ta dubi rana, ta ce, "Na makara. Wa ya bar ni na makara haka?"

Marka ta durƙusa ta gaya mata komai. Uwar Bazara ta dubi Zomo, ta dubi cikinsa da ba gashi. Ta ce, "Kai ka yi kwancin? Kai da ko inuwarka ba ka yarda da ita ba?"

Zomo ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ma ban san zan iya ba."

Iya Tarana ta ce, "Uwa, tun da kin fito, raba mana gardama. Ƙwai na wane ne, namu ko nasu?"

Uwar Bazara ta ce, "Na kaza ne." Ta yi dariya. Sannan ta ce, "Na daɗe a dutsen nan. Na ga kakanninki suna kai ƙwai gona tun garin bukka uku ne. Daga baya labarin Malam ya iso. Ya tarar da ƙwai a hannun mutane, ya ga ya dace da abin da ya zo faɗa, ya ɗauka. Ƙwaryar ta daɗe a gidan. Kowa da furar da ya dama a ciki. Wanda ya riga bai yi ƙarya ba, wanda ya zo baya bai yi sata ba. Ku sauka, zan tuntsurar da tulu."

Ta juya ga Zomo, ta ce ya faɗi ladansa.

Ya ce, "Ciyawa. Kuma kada a sake sa ni kwanci har abada."

Ta ce, "An ba ka. Zabuwa kuwa da ta ƙi aiki, daga yau duk farkon damina a makwancinka za ta zuba ƙwanta na fari. Ka ba wanda ka ga dama."

Iya ta ɗauki rabin ɓawon. Malam ya ɗauki rabi. Marka ta sa tsako a ƙoƙo, ta sake goya Zomo. Kafin su kai gindin dutse hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Iya Tarana ta wuce gandu, mutanen tudu na biye. Ta binne rabin ɓawonta a kusurwar gabas, ta ce, "Ƙasa, bana ba tuni na kawo miki ba, shaida na kawo. Wanda ke ciki ya fito. Saura ke."

Malam Istifanus ya sa aka buga garma. Ya ɗaga nasa rabin a gaban jama'a, ya juya musu cikinsa. Ya ce, "Shekara talatin ina fasa muku ƙwai da hannuna. Yau ga wanda aka fasa daga ciki. Ku duba, ba kowa. Haka matan da suka je da asuba suka tarar da kabarin Yesu."

Bai rufe baki ba ruwa ya sauko. Jinkar majami'a ta yi yoyo, ba wanda ya matsa. Masu waƙa suka fito waje, masu gandu suka gangaro, aka haɗu a bakin rijiya, kowa jiƙe. Waɗanda suka ɗaure kaya suka je suka kwance. Mai gari Jatau ya hana farautar zomo a ƙasarsa daga bazara har shuka ta fito.

Tsakon nan ya girma ya zama kaza, daga gare ta kajin garin suka sake yaɗuwa. Zomo ya yi kwana bakwai Marka na gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi. Ran na takwas ya miƙe, ya yi tsalle ɗaya, ya shige ciyawa, ko sallama bai yi ba. Amma da shekara ta kewayo, ran bikin da safe, yaran tudu da na gangare suka tarar da ƙwan zabi a ɗan rami a bayan gari, ga gashin zomo a kai. Suka sami wani a gindin sabara, wani a cikin gamba. Suka rina wasu da lalle, wasu da baba, suka kai wa tsofaffi. Ƙananan cikinsu suka rantse zomo ne ya yi ƙwan. Marka ta san gaskiya, ta bar su da zancensu.

To, kun ji. In ku biyu kuna son abu ɗaya, kafin ku ja shi ya fashe, kowa ya tambayi ɗan'uwansa dalilinsa. Kuma kada ku rena mai gaggawa, wata rana shi zai fi kowa haƙuri.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ya tsaya mini shaida ba, da kun ce na shirga muku ƙarya. Wanda ya ga zomo kwance gobe, ya gaishe shi daga nesa, ya wuce.